Tsohuwar Marsandi SEC mai ƙofa biyu: me za a duba kafin saye, me za a fara gyarawa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wata tsohuwar Marsandi SEC mai ƙofa biyu ajiye a garejin wani gida, an ce ta kai shekara shida ba ta motsa ba, kuma magada na son rabuwa da ita. Ina sha'awar in saya in riƙa gyara ta da kaina a gida ranakun hutu, gyara mai sauƙi dai, ba wai in kwance ta gaba ɗaya ba. Me zan duba kafin in biya, kuma daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Motar da ka hango tana cikin dangin manyan Marsandi da kamfanin ya yi wa lamba W126, ita ce mai ƙofa biyu a cikinsu. An fara nuna ta a Frankfurt a 1981 da sunan 380 SEC da 500 SEC, a 1985 aka yi mata kwaskwarima aka fito da 420 SEC da 560 SEC tare da ci gaba da 500, aka daina ƙera ta a 1991. Duka abin da aka ƙera dubu 74 ne da 'yan kai, alhali mai ƙofa huɗu ta haura dubu 800. Wannan tazara ita ce za ta gaya maka inda za ka sa ido. Inji, giyabos, birki da mafi yawan kayan ƙafa ɗaya suke da na mai ƙofa huɗu, don haka za ka same su, sabo ko Beljiyam, a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ko a yi maka oda daga waje. Amma ƙofofinta, gilasanta na gefe da na baya, fitilun gaba, bamba, bonet, ragar gaba mai babban tauraro a tsakiya, kujeru da robobin gilashi, duk nata ne ita kaɗai. Inji mai ciwo ana warkar da shi. Gilashin baya na SEC kuwa in ya fashe, kana iya shafe shekara kana cigiya. Saboda haka jiki da gilashi da kayan ciki kake saye, injin ya biyo baya.

Fara da takardu kafin ka taɓa ƙarfe. Lambar shasi tana gaya maka ainihin abin da take: a motocin kasuwar Turai za ka ga 126043 ga 380 SEC, 126044 ga 500, 126045 ga 560, 126046 ga 420. Rubutun da ke manne a but ba hujja ba ne, kowa na iya liƙa 560. Ka gwada lambar da ke jikin motar da ta takardar kwastam da ta mallaka. Tun da motar gado ce, a rubuta yarjejeniya da sa hannun wanda magada suka wakilta da shaidu, kada bayan ka zuba kuɗi da gumi wani ya taso daga baya ya ce ba da yawunsa ba.

Sai tsatsa. Motar da ta yi rayuwarta a Arewa tana da sa'a a nan, domin busasshiyar iska ba ta cin ƙarfe kamar gishirin titunan Turai ko damshin Legas. Amma ba ka san inda ta zauna kafin ta zo ba. Buɗe but, ka kwanta rigingine a ciki da tocila, ka haska ƙarƙashin gilashin baya. Nan ne ciwon SEC. Robar gilashin tana bushewa, ruwa ya riƙa shiga yana kwanciya a kusurwoyi biyu na ƙasa, ƙarfen ya ruɓe daga ciki alhali daga waje fenti na ƙyalli. Idan ka ga ƙuraje ko ɓurma a wurin, sai an cire gilashi an yi walda, kuma cire tsohon gilashin SEC kasada ce. Ka kuma dubi gefen gilashin kansa: in ya yi fari kamar an zuba madara a bakinsa, shimfiɗun gilashin ne suka fara rabuwa, kuma ba a gyara wannan. Daga nan ɗaga kafet ɗin but ka duba ramukan gefe biyu da ramin safaya taya. Duba ramuka huɗu da ake sa jak a ƙasan ƙofofi, da mazaunin batir, da bakin madigar taya, da bayan faffadar robar da ta bi gefen motar. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka taɓa soson da ke ƙarƙashi, in da danshi ko warin rima to magudanan rufin da ke buɗewa sun toshe. Ɗauki ƙaramin maganaɗisu ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin da shi. Inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe, fanel bita ya cika wurin da fila.

Tsatsar sama-sama a wuri ɗaya ko biyu aikin gida ce. Ruɓewa a ramin jak ko inda kayan ƙafa suka kama shasi ta fi ƙarfin abin da ka kira gyara mai sauƙi, ka bar musu abarsu.

Abu na biyu da zai iya sa ka fasa shi ne hannun da ya riga ka shiga cikinta. Buɗe bonet ka dubi tsakiyar injin bayan an cire murfin matatar iska. Ya kamata ka ga mai rarraba fetur, wani ƙarfe da siraran bututu takwas ke fita daga kansa kamar ƙafafun gizo-gizo, kowanne zuwa nozul ɗinsa. Idan kafireto ka tarar a wurin, ko an jefa injin wata mota daban, darajarta ta tafi kuma mayar da ita asali ya fi saye tsada. Dubi akwatin fiyus da wayoyin da ke kewaye da shi. Waya da aka yanke aka murɗe aka naɗe da baƙin salatif, fankar gaba da aka haɗa kai tsaye da makulli, fiyus da aka maye gurbinsa da zaren waya, duk alamun rewaya ne da ya yi ta lalube. Motar da ta mutu a ajiye ba a taɓa ta ba ta fi wadda ke tashi amma an yi mata ɗinkin tsumma.

Mai sayarwa zai so ya kawo batir ya zuba fetur a buga ta a gabanka. Ka roƙe shi ya dakata. Fetur ɗin da ya shekara shida a tanki ya zama danƙo mai warin fenti, kuma da zarar famfo ya tura shi cikin mai rarraba fetur, ka sayi aikin da da bai kamata ya same ka ba. Abin da za ka iya yi a wurin shi ne ka cire fulogi takwas, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka sa soket mai lamba 27 a kan babban notin kiranshaf ka juya injin da hannu, ta hannun agogo kawai idan kana tsaye a gaban motar. Kada ka taɓa juya shi baya. In ya zagaya sau biyu sumul ba tare da ya cije ba, alhamdu lillahi. Zaro sandar auna mai ka duba: in man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan yana da nauyi a wannan injin fiye da wasu, domin bulok ɗinsa na alminiyam ne, ba a yi masa borin irin na injin ƙarfe, kuma zaren notocin kan silinda yakan tsige idan an zo ɗaurewa bayan inji ya taɓa yin zafi sosai.

Idan aka daidaita, a ɗauko ta a kan motar ɗaukar mota. Kada a ja ta da igiya: birkin da ya shekara shida ba abin amincewa ba ne, kuma giya mai sarrafa kanta ba ta son doguwar ja inji a kashe. Game da kuɗi, farashi na sauyawa kullum, amma ka ɗauka cewa abin da za ka kashe a shekarar farko ba zai gaza abin da ka biya wajen saye ba. In ba ka da wannan ragowar a hannu, za ta koma irin zaman da ka same ta a ciki, gida kawai ta sauya.

A gida kana bukatar daɓen siminti mai inuwa, jak mai ƙarfi, da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota. Nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai ko a kan bulo. Ka tanadi soket da sifana na milimita, sifanar auna ƙarfin ɗauri, mitar lantarki, ƙaramin famfon hannu na gwada iskar zuƙa, da tukunyar kashe gobara a kusa. Duk abin da za ka kwance ka ɗauke shi hoto da waya tukuna, notoci kuma a leda da rubutu.

Aikin farko, kafin fenti, kafin kujeru, kafin ma ka ji ƙarar injin, shi ne sarƙar taimin. Injin nan mai silinda takwas ne, M116 a 380 da 420, M117 a 500 da 560, kuma doguwar sarƙa guda ce ke juya kamshaf biyu. A saman kowane kan silinda akwai wasu guntayen takalman roba mai tauri da sarƙar ke bi ta jikinsu, guda uku ne a sama, biyu a hagu ɗaya a dama. Suna sabo farare ne. Shekaru da zafi suna mayar da su ruwan ƙasa mai duhu kamar zuma ta tsufa, su yi gautsi kamar biskit. Ranar da abin zai faru, yawanci da safe ne wajen tayarwa: mai bai riga ya cika tenshina, wato abin da ke ɗame sarƙar, ba, sarƙa ta yi sako-sako ta daki takalmin, guntunsa ya faɗa tsakanin sarƙa da haƙoran kamshaf, sarƙa ta tsallake, fistin ya haɗu da bawul. Sau da yawa har murfin bawul na hagu yakan fashe. Kayan da ba su taka kara sun karya ba ne ke kashe injin da zai iya yin kilomita dubu ɗaruruwa.

Cire murafan bawul biyu ka duba kalarsu. In ba farare ba ne, ko ba ka da shaidar ranar da aka canja su, canja su. Kowane takalmi ƙusoshin ƙarfe ne ke riƙe da shi, masu zare a ciki, ana zaro su da noti M6 da wasu washa da ɗan guntun bututu, kana ɗaurewa ƙusar na fitowa a hankali. Kada ka yi gaggawa a nan, in zaren ya tsige aikin awa ɗaya ya zama na mako. Kafin ka cire gilar kamshaf ka yi wa sarƙa da gila alama da fenti ka ɗaure su tare da waya, ka cusa tsumma a ramin don kada wani abu ya faɗa cikin inji. Sannan ka auna miƙewar sarƙar: juya inji har alamar kamshaf na dama ta daidaita da ta mazauninsa, ka karanta lambar da ke kan fulin kiranshaf. In ta kusa digiri 10 ko ta wuce, sarƙar ta gama aiki. Sabuwa ana haɗa bakinta da bakin tsohuwa ne a kan gilar dama, mutum ɗaya na juya kiranshaf a hankali, na biyu na ciyar da sabuwa yana danne ta a kan haƙora, na uku na jan tsohuwa. Wannan matakin kam in ba ka taɓa yi ba, ka kira makaniken da ya san tsofaffin Marsandi ya zo gida ku yi tare. Ka sa sabon tenshina. Kuma tun da murfi a buɗe yake, akwai siririn bututun da ke ɗiga wa kamshaf mai, robobin da ke riƙe da shi su ma suna tsufa su saki, kamshaf ya bushe ya cinye. Canja su duka, arha ne. In 380 ce ta kasuwar Amurka ta 1981 zuwa 1983, duba ko sarƙar mai layi ɗaya ce, domin waɗannan da haka suka fito kuma sun fi saurin bada matsala.

Daga nan sai fetur. Tankin yana bayan kujerar baya, cikinsa lita 90. A zuƙe tsohon man duka, a kwance matatar da ke gindin tankin a wanke ko a canja. Idan tsatsa na fitowa kamar garin shayi, sai an sauke tankin an wanke. A ƙarƙashin motar kusa da tayoyin baya za ka ga tarin kaya wuri ɗaya: famfon fetur, wasu guda biyu ne, da filta, da wata 'yar tukunya mai riƙe matsin mai bayan an kashe inji. Canja filta da duk tiyon roba da ke wurin, kuma ka tabbata tiyon na matsi ne, domin wannan tsari yana aiki da matsin da ya haura bar 5 a ma'aunin matsi, tiyon kafireto zai fashe ya yi feshi a kan salansa. Ita 'yar tukunyar in ta mutu alamarta a fili take: mota na tashi da sanyi lafiya, amma ka tsaya sallah ka dawo bayan minti 20 ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa.

Tsarin man Bosch ne, K-Jetronic a na kafin kwaskwarimar 1985, KE-Jetronic a na bayanta. Iska na danna wani faifai, faifan na ɗaga wani ɗan fistin a cikin mai rarraba fetur, shi ke nan. Bayan famfo ya tara matsi, danna faifan da yatsa a hankali na ɗan lokaci kaɗan: ya kamata ka ji turjiya iri ɗaya, ya dawo ba tare da maƙalewa ba. Kada ka daɗe kana dannawa, fetur kake zubawa cikin silinda. Mafi yawan rawar inji da mutuwa a silo ba laifin mai rarraba fetur ba ne, iska ce ke satar hanya ta robobin da suka tsage: babbar robar da ke ƙarƙashin faifan, tiyoyin iskar silo, da robobin bakin nozul takwas. Canja su kafin ka zargi wani abu. Akwai wani ɗan sukuru da ake juyawa da alanki mai lamba 3 kusa da mai rarraba fetur, wanda makanikai ke son murɗawa da zarar mota ta yi tari. Ka hana. Ɗan juyi kaɗan yana sauya cakuɗin mai da iska sosai, kuma in aka ɓata saitin ba tare da na'urar aunawa ba, laifi biyu ke gare ka maimakon ɗaya. A motocin KE, in ka ga fitilar ABS na kunnuwa kuma inji na wahalar tashi da safe, duba rilen kariya daga hauhawar wuta, mai fiyus a kansa. Jona batir da wata mota ba bisa ƙa'ida ba yakan ƙona shi.

Fulogi takwas sababbi, marasa rizisto, tazarar baki milimita 0.8. Jerin wuta 1-5-4-8-6-3-7-2 ne, silinda 1 zuwa 4 suna dama, 5 zuwa 8 suna hagu, ana ƙirgawa daga gaba, dama da hagu kuma na wanda ke zaune a ciki. Canja wayoyin ɗaya bayan ɗaya don kada su rikice maka. Baƙin mai kimanin lita 8 ne tare da filta, 15W-40 ko 20W-50 ya dace da zafinmu, kuma da ƙurar hunturu kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka juye ba. Kafin tayarwar farko, cire rilen famfon fetur ka buga sitata fulogi a cire har allurar matsin baƙin mai ta motsa. Idan ta tashi, allurar za ta manne a 3, in inji ya yi zafi ta sauko a silo, kana taɓa totur ta koma sama. Haka aka yi ta. Shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci bayan tayarwa yawanci robobin bawul ne, ba ringi ba, kuma ana iya canja su ba tare da an sauke kan silinda ba.

Yanzu ruwa, inda al'adarmu ta fi cutar da wannan mota. Buɗe gidan tamostat, akwai yiwuwar ka tarar babu komai a ciki, wani ya cire wai don ƙasarmu da zafi. A wannan injin tamostat ba buɗe hanyar lagireto kaɗai yake yi ba, yana kuma toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. In babu shi, wani kaso na ruwan ba ya zuwa lagireto sam. Mayar da shi, mai digiri 80. Ruwan famfo ko na rijiya zalla yana cin alminiyam yana tara farin gishiri a bututu. A wanke tsarin, a zuba ruwan sanyaya inji wanda ya dace da ma'aunin Marsandi 325.0, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Cikinsa ya kai lita 13 ko kusa da haka. Wuyan lagireto na sama roba ne, yana karyewa ba sallama, in ya yi ruwan ƙasa ko yana marmashewa a farce ka canja lagireton. Fankar inji tana da kulocin mai a tsakiya: inji a kashe yana da zafi, tura ta da hannu, in ta yi ta juyawa kamar ta silin ta mutu. Allurar zafi tsakanin 80 da 100 ba abin tsoro ba ne a cunkoso. In tana neman 120, kashe.

Giyabos ɗinta mai giya huɗu ne, 722.3, mai juriya. Kada ka firgita in ka ƙirga canji biyu kawai, a tafiyar yau da kullum da giya ta biyu take tashi. Juye man ta kwanon ƙasa da kuma ta notin da ke jikin kombata, a canja filta da robar kwano, zai sha kusan lita 8 na Dexron II ko III, a auna inji na aiki yana da zafi. Mai ja mai tsabta lafiya ne, baƙi mai ƙauri alamar kuloci ne, mai kalar madara kuwa ruwa ne ya ratso daga lagireto. In ka sa ribas ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta kama, kulocin ribas ya fara tafiya. Canji mai duka kamar an hankaɗe ka sau da yawa siririn tiyon iskar zuƙa ne da ke zuwa modileta ya cire. A farfela akwai faifan roba biyu, gaba da baya, da bodin tsakiya. Faifan in ya tsage har zare ya fito kada ka hau titi da shi.

Birki ba a tattauna shi. Man DOT 4 sabo, a zuƙe tsohon ta ƙafa huɗu, a maimaita duk shekara biyu. Tiyoyin roba huɗu a canja ko da sun yi kyau a ido, domin ta ciki suke kumbura su riƙe birki. Kalifa da ta maƙale a kwance a sa mata sababbin robobi. Taya kuwa duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, mako da shekara ke nan, in lamba uku ce to tun kafin 2000 aka yi ta. Ko zanenta bai taɓu ba, ta tafi. Notocin taya ana ɗaure su a 110 Nm.

Idan 560 ce, bayanta na da tsarin da ke daidaita tsayin mota da matsin mai. In bayan na tsalle da tauri kamar amalanke, ƙwallayen gas guda biyu da ke ƙarƙashi ne suka mutu, ba shokazoba ba, kuma canja su aikin yini ɗaya ne bayan an saki matsin. Tulun man yana cikin bonet, mansa na musamman ne da ake kira ZH-M, kada a zuba masa man birki ko na giya. Wasu na cire tsarin gaba ɗaya su sa sifirin na kowa. Ban ba ka wannan shawarar ba, daɗin tafiyarta kake saye. Wasan sitiyari kuma kafin a ɗaure akwatin sitiyari a duba tayarod, bushin ɗin hannun da ke ɗaya gefen, da ƙaramin shokazoban sitiyari.

Sai bayan ta yi 'yan makonni tana zagaya unguwa ba ta zafi, ba ta ɗiga, tana tsayawa in an taka, sannan ka juya ga abubuwan jin daɗi. Fara da canja fiyus duka. Irin masu kan harsashi ne, na alminiyam suna yin farin tsatsa a baki, ka sa masu tagulla ka goge mazauninsu. Za ka yi mamakin yawan abin da zai farfaɗo da wannan kaɗai. Hannun da ke miƙo maka bel idan ka rufe ƙofa, wanda shi ne abin burgewar SEC, in ya tsaya yawanci busasshen giris ne, ko haƙorin roba da ya cinye, ko makunnin jikin ƙofa. Gilasan ba su da firam kuma babu ginshiƙi a tsakiya, saboda haka a wanke layin da suke bi a sa sabon giris, robobin kuma a shafa musu man silikon, ba baƙin mai ba. Makullin ƙofofi, makullin jinginar kujerun gaba da ƙofofin iskar dashbod dukansu da iska suke aiki, a nan famfon hannun nan zai biya kuɗinsa: kana gwada layi ɗaya-ɗaya har ka gano mai yoyo. Na'urar sanyi da gas R12 ta fito. In za a mayar da ita R134a, a wanke bututu, a canja diraya da robobin mahaɗa da man kwamfireso, a zuba kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyin da aka rubuta na tsohon gas. In kuma iska mai zafi ke busowa ko da an kashe hita, duba wani bawul na lantarki da ke kusa da batir.

Fenti shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma bukatarsa. Wanke ta sosai, ka gwada man goge fenti a wuri kamar tafin hannu a kan but. In ƙyalli ya dawo, bi sauran jikin haka, da hannu ko da inji a hankali, kana kiyaye kusurwoyi inda fenti ya fi siriri. Fentin kamfani mai 'yan tabo ya fi sabon fentin bakin titi da aka fesa a kan robobi da ƙura. Inda tsatsa ta ɓullo, kankare har farin ƙarfe, sa maganin tsatsa, sa firaima, sannan a haɗa maka kala da lambar fentin da ke kan farantin ƙarfe a saman lagireto. Kujerun fata a wanke da sabulu mai laushi da burushi mai taushi, a shafa man fata sau uku ko huɗu cikin makonni, kada a yi saurin kai su wajen mai ɗinki ya yaye ya sa roba. Katakon dashbod in fentinsa ya tsattsage a bar shi haka har a sami gwani, asalin icen siriri ne ƙwarai, samfefa na cinye shi nan take.

Ka kuma shirya wa cikinta: a cikin gari lita 15 zuwa 20 a kilomita 100 ba abin mamaki ba ne. Ajiye ta a inuwa da abin tare rana a gilashin gaba, domin ranar Maris da Afrilu ce ke fasa dashbod. Ka fita da ita aƙalla sau ɗaya a mako, tafiyar da za ta kai minti 30 don inji da giya su yi zafi sosai, ka kunna na'urar sanyi, ka sauke gilasai huɗun ka ɗaga su, sannan in ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ka duba da safe ko wani abu ya ɗiga, kuma daga wane wuri.